Ruwa na taruwa a jirgina, na'urar gano kifi kuma tana ɗaukewa: me zan yi?

Tambayar ta fito ne daga wani bawan Allah mazaunin Sabon Garin Zariya. Ya ce da ya yi ritaya sai ya sayi jirgin ruwa na faiba, na hannu, tsawonsa kamar mita 6, da injin Yamaha mai ƙarfin doki 15 irin wanda ake tayarwa da igiya. Yana ajiye shi a bakin dam ɗin da ke kan kogin Galma, yaransa biyu ne ke fita su da shi. Bayan wata guda ya sa aka ɗaura masa famfon tsotse ruwa mai aiki da batir da kuma na'urar gano kifi. Tun daga lokacin, kullum da safe sai sun tarar ruwa ya kai idon sawu a cikin jirgin, ko an yi ruwan sama ko ba a yi ba. Ita kuma na'urar, wani lokaci ta mutu da kanta, wani lokaci lambar zurfi ta yi ta ƙyaftawa, wani lokaci ta cika fuskarta da kifaye, a jefa birgi a ɗago wayam. Yana so ya sani ko ya sayi famfo mafi girma, ita kuma na'urar ya mayar wa wanda ya sayar masa.

Alhaji, Allah ya sanya alheri a wannan jirgi, ya tsare yaran. Kada ka sayi komai tukuna, kada kuma ka mayar da na'urar. A cikin bayaninka akwai wurin da ya tsaya mini a rai, inda ka ce "tun daga lokacin". Wato wata guda jirgin yana kwana a bushe, sai da aka ɗaura masa kaya ya fara shan ruwa. Ruwa ba ya tsami banza. Na daɗe ina gyaran jirage da injinan masunta, kuma abin da na fi gani shi ne mai sabon jirgi ya zo da koke biyu, alhali cutar ɗaya ce, tana zaune a wuri ɗaya: allon bayan jirgi, inda ake rataya inji. A nan ake huda ramukan sukurori don ɗaura kunnen na'urar, wato ɗan baƙin abin nan da ke nutse cikin ruwa. A nan batir ke zama. A nan wayoyi ke kwance. Kuma nan ne ruwa ke gangarowa ya taru, saboda nauyin inji yana sa bayan jirgi ya fi gabansa nutsewa. Idan ramin sukuru yana zuba, ruwan ya jiƙa mahaɗar waya, mahaɗar ta yi tsatsa, famfo ya kwana yana shan batir, da safe na'ura ta rasa wutar da za ta yi aiki.

Kafin a taɓa komai, a sunkuya a shinshina ruwan. Idan akwai warin fetur, ko ka ga mai yana sheƙi a samansa, kada a kunna famfo, kada a taɓa kan batir, kada kowa ya kunna sigari. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake kwanciya, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi. A cire tanki, a kwarfe ruwan da hannu, a bar jirgin ya sha iska, a duba tiyon mai da ɗan kumburin robar da ake matsawa don jawo fetur, domin zafin rana yana tsattsaga su.

Ruwan da ya kai idon sawu kada ka raina shi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Amma ba nauyin ne ya fi ba ni tsoro ba, yawonsa ne. Buhun siminti inda ka ajiye shi nan zai tsaya. Ruwa kuwa, da yaro ya jingina gefe zai jawo kalli, gaba ɗayansa zai bi shi wannan gefen, ya ƙara karkatar da jirgin. Jirage da yawa haka suke kifewa, ba don sun cika ba. Dokar da za ka kafa wa yaran ita ce ba a barin gaɓa da ruwa a jirgi, kuma ba a shiga ba rigar kariya, ko da mutum ya iya iyo kamar tarwaɗa.

Na ruwan sama lissafinsa mai sauƙi ne. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya tana ba da lita ɗaya. Jirginka, in buɗaɗɗe ne, bakinsa zai kai murabba'in mita 7. Ruwan dare ɗaya irin na watan Agusta da ya kai milimita 50 zai zuba maka lita 350, nauyin buhun siminti 7 ke nan. Zariya na samun wajen milimita 1,000 a shekara, kusan duka tsakanin Mayu da Oktoba. Maganin wannan tamfol ne da ƙwarangwal ɗin gora a ƙarƙashinsa, a yi masa doro yadda ruwa zai gangara waje. In aka shimfiɗa shi a kwance, tafki zai zama. Amma tun da ka ce ko ba a yi ruwa ba kuna tarar da shi, to akwai ƙofa a ƙasa.

Ga yadda ake kama ta. A zaɓi ranar da ba hadari. Jirgin yana kan ruwa, inji na rataye, a kwarfe ruwan tas, a bi da soso, a bi da busasshen tsumma har ƙasan ya bushe ƙarau. Sai a samo tokar murhu, a tankaɗe ta, a barbaɗa siririya a gindin allon baya, kewayen kowane sukuru da kowace kusa, da tsawon tsakiyar jirgi. A zauna a jira, ba a motsi. Toka busasshiya fara ce, da ta sha ruwa sai ta yi duhu, kuma duhun yana farawa ne daga inda ruwan ke fitowa. Abin da ya sa na ce a zauna a wurin shi ne, in aka tafi aka dawo bayan awa biyu, ko'ina ya jiƙe, sawun ya ɓace.

Na taɓa yin wannan da wani matashi a wani dam, jirginsa kusan irin naka. Har ya sayi famfo na biyu kafin ya neme ni. Mun yi minti kusan 20 muna kallon toka ba abin da ya faru, har ya fara cewa ko mu haƙura. Can sai wani ɗan ɗigo ya bayyana a kusurwar dama, daidai bayan inda aka ɗaura kunnen na'ura, ya yi ta faɗi a hankali kamar tawada a kan yadi. Da muka jawo jirgin tudu na kwance sukurun ƙasa, sai ruwa mai launin shayi ya biyo shi. Na danna allon da gindin sukundireba, ramin ya ƙara tsartuwa. Wanda ya ɗaura masa ya huda faibar har ya fasa ta ciki, bai sa ko ɗigon gam ba. Yawancin jiragen faiba akwai katako a tsakiyar allonsu na baya, an lulluɓe shi da faiba ciki da waje. Ruwa in ya sami hanya zuwa wannan katako, ruɓar da shi zai yi, kuma shi ne ke ɗauke da injinka. Wannan ya fi ruwan idon sawu damuna nesa ba kusa ba.

In toka ba ta nuna sukurorin ba, sauran wuraren ba su da yawa. Matoshin ramin zubar da ruwa da ke ƙasan allon baya, robarsa kan bushe ta tsage, ko yashi ya shiga zarensa. Kusoshi masu noti da suka ratsa allon don riƙe inji. Sai ƙashin tsakiyar jirgi ta gaba, inda ake jansa a kan duwatsu da tsakuwa kullum har faibar ta cinye. In jirgin mai daɓe biyu ne, ruwa na iya ɓuya tsakaninsu, ka ga sama a bushe amma jirgin ya yi nauyi ya ƙi gudu. A ɗaga gabansa a tudu a cire matoshi a gani. Akwai kuma ruwan da ba zuba ba ne sam: jiƙaƙƙiyar koma da ake tarawa a ciki, da igiyar ruwan da ke biyo jirgi ta haura allon baya idan aka sauke gudu farat ɗaya. Masu kwalekwalen katako nasu daban ne. In ya kwana biyu a tudu lokacin hunturu, katakon kan tsuke, haɗin ya buɗe, sai ya sha ruwa na 'yan kwanaki ya kumbura ya rufe. Faiba ba ta kumbura. Ramin da ke jikinta yau, gobe yana nan, sai dai ya ƙaru.

Gyaran ramin sukuru ba tsada, haƙuri kawai yake so. A fitar da jirgin, a cire sukurorin, a ɗan faɗaɗa ramin har a kai ga lafiyayyen katako, a bar shi ya bushe kwana uku ko fiye a inuwa mai iska. Sai a cike shi da gam mai haɗi biyu irin Araldite mai jinkirin kamawa, a goge da sanfefa in ya daskare. Silikon ɗin da ake liƙa gilashin taga da shi kada a kai shi ƙasan ruwa, ɓarewa yake yi. Sannan kada a sake huda wurin. A samo farantin roba mai kauri, irin wanda ake yanka nama a kai, a ɗaure shi da sukurori biyu a saman inda ruwa ke tsayawa, da gam a ramukan, ƙasansa ya sauko har gindin allon. A jikin wannan roba za a ɗaura kunnen na'ura, da gajerun sukurorin da ba za su fasa ta ba. Ko sau goma za ka matsar da shi sama ko ƙasa, jirginka bai san ana yi ba. In kuwa ka danna allon ka ji ya yi laushi a wuri mai faɗi, ko ka ga yana lanƙwasa idan an jijjiga inji, wannan aikin mai gyaran faiba ne, kuma jirgin ba zai koma ruwa ba sai an yi shi.

Yanzu famfo. Duba jikinsa, za ka ga lamba kamar 500 GPH ko 1100 GPH. Galan ne na Amurka a awa ɗaya: 500 na nufin lita 1,900, 1100 kuma sama da lita 4,000 kaɗan. Amma an auna wannan ne ba tiyo, ba hawa, da batir cike. Da ka haɗa tiyo ya ɗaga ruwan zuwa bakin jirgi, ka sa ran rabi ko sama da rabi kaɗan. Wato ƙaramin zai fitar maka da kamar lita 20 a minti, jarka ɗaya. Shi kuwa rami mai faɗin milimita 25, girman ramin matoshi ke nan, in yana santimita 30 a ƙasan ruwa, yana shigo da wajen lita 40 a minti. In matoshi ya fita, famfonka ba zai ci wannan yaƙin ba. Famfo aikinsa ruwan sama da feshin igiyar ruwa. Saboda haka bokiti da yankakkiyar jarka, ɗaure da igiya a jikin jirgi, ba sa barin ciki ko da an sa famfo uku, haka nan matoshi na biyu a aljihu.

Idan famfon yana ƙara amma ruwa ba ya fita, a ciro shi daga kwandonsa a duba 'yar farfelar ciki. Zaren koma, ɓawon kifi da guntun ledar ruwa su ne abokan gabansa. Idan farfelar lafiya lau amma ruwan na fita a sanyaye, a duba ko an juya wayoyin. Irin wannan famfo in aka haɗa shi baibai ba ya ƙin juyawa, baya yake juyawa, ya riƙa turo ruwa kaɗan, mutum ya zaci ya tsufa. A yawancinsu waya mai ruwan ƙasa ita ke zuwa kan batir mai alamar tarawa, baƙar kuma ta je ɗaya kan. Tiyo ya hau sama kai tsaye ba lotsawa a tsakiya, domin iska kan maƙale a lotsawar ta hana ruwa wucewa. Bakinsa kuma ya fita a sama sosai da ruwa. In ya nutse lokacin da aka yi lodi, ta nan dam zai dawo maka cikin jirgi. Sai makunnin nan mai tasowa kan ruwa, wanda ke kunna famfo da kansa. A ɗaga shi da yatsa kowace safiya a ji famfo ya amsa. In ka ji famfo yana kunnawa yana mutuwa kowane 'yan mintuna, ruwan da ya rage a tiyo ne ke komowa ya sake ɗaga makunnin. A rage tsawon tiyon, ko a ɗan ɗaga makunnin sama.

Nan ne maganar ta haɗu da ta na'ura. Injinka na igiya ne, kuma irinsa da yawa ba sa cajin batir sai an sa musu abin da ke daidaita wutar. Masu sabon jirgi sukan ɗauka kamar mota ne, ana tafiya ana caji. Ƙaramin famfo yana jan wajen amfiya 2. In batirin ƙarami ne irin na babur ko na UPS mai 7Ah, wato wanda zai ba da amfiya ɗaya na kamar awa 7, kuma famfo ya kwana yana fama da zuba, kafin asuba ya ƙare. Ita na'urar ba ta da ci, ƙananan irin Garmin Striker 4 ba sa jan ko rabin amfiya, amma ba ta jure wuta mai rawa. Da ƙarfin ya faɗi, sai ta ɗauke.

Ka ari mitar gwada wuta wurin mai gyaran rediyo ko mai haɗa sola, a Sabon Gari ko Tudun Wada ba za ka rasa ba. Batir cikakke da ya huta yana nuna bolt 12.6 ko 12.7. In ya nuna 12.2 ya kai rabi, ƙasa da 12 kuwa ya galabaita. Bayan ka auna a kan batir, ka shiga cikin saitin na'urar ka sa ta nuna ƙarfin wutar da ke isowa gare ta, yawancinsu suna yi. Sai ka kunna famfo kana kallon lambar. In batir na cewa 12.5 ita kuma tana cewa 11, ko lambar ta ruguzo da famfo ya tashi, wutar tana ɓacewa a hanya. Bi wayar da hannu. Na tabbata za ka tarar da wurin da aka murɗa waya biyu aka naɗe da baƙin salatif, yana kwance a ƙasan jirgi. Warware shi: jan ƙarfen ya zama kore ko baƙi, yana marmashewa. A yanke har inda wayar ke sheƙi, a haɗa da dalma, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, a ɗaga mahaɗar sama a ɗaure ta ƙarƙashin bakin jirgi. Na'ura ta sami wayarta ita kaɗai daga kan batir, da fis na amfiya 3 kusa da batirin. Famfo ma da nasa wayar da nasa fis. Kada a ɗora su a layi ɗaya, kuma kada a maye gurbin fis da zaren waya in ya ƙone. Batirin ya zauna cikin akwatin roba a kan ɗan katako, a shafa giris a kawunansa. Ni shawarata ita ce na'ura ta sami ƙaramin batirinta daban da za a riƙa kai shi gida caji, babban kuma a bar wa famfo da ƙaramin farantin sola mai na'urar daidaita caji.

Ƙyaftawar lambar zurfi wata magana ce, kuma sai an fahimci yadda abin ke aiki. Na'urar ba ta gani, saurare take yi. Kunnen nan yana harba sauti ƙasa, sautin ya daki wani abu ya dawo, ita kuma ta auna lokacin. Sauti na tafiyar wajen mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, don haka a zurfin mita 3, zuwa da dawowa bai wuce kashi 4 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Babban maƙiyin wannan sauti iska ce. Kumfa kaɗan a fuskar kunnen ta isa ta kurmantar da shi. Lambar in ta fara ƙyaftawa, na'urar tana gaya maka ne ta daina jin ƙasa.

To ka lura da lokacin da take yi. In jirgi na tsaye lambar daram, da an ƙara gudu ta rikice, kumfa ce. Ko dai an ɗaura kunnen ya yi sama, ko yana bayan wani doro na ƙasan jirgi da ke tayar da kumfa, ko ya matsi farfela. Fuskarsa ta sauko ta zarce ƙasan jirgi da milimita 3 zuwa 6, tana kallon ƙasa sak idan jirgi na kan ruwa da lodinsa, a ɓangaren dama na inji in ka fuskanci gaba, inda farfela ke sara ƙasa. Ka kuma duba ko ya tashi sama, domin an yi maƙalarsa ne ta yadda in ya bugi kututture zai ɗage maimakon ya karye, kuma yaran kan ja jirgi tudu su manta da shi. In kuwa ko a tsaye tana ƙyaftawa, a shafa fuskar kunnen a ji ko gansakuka ko laka ko maiƙo ya rufe ta, a wanke da sabulu da tsumma, ba da sanfefa ko wuƙa ba. A ruwan da bai kai rabin mita ba, ko a kan ciyawa mai kauri da bado, yawancin na'urorin kan rikice, wannan ba lalacewa ba ce. In tana tsalle tsakanin mita 2 da mita 4, ƙasar ce mai tauri, sautin ya dawo ya sake komawa, take jin sa sau biyu. A cire ta daga zaɓen zurfi da kanta a sa mata iyaka da hannu. Wani zai ce maka ka liƙa kunnen ta cikin jirgi ka huta. Wannan yana yiwuwa a faiba zalla mai ɓawo ɗaya, da gam marar kumfa. A katako ko daɓe biyu ba ya aiki.

Layuka a tsaye ko ɗige-ɗige da ke ƙaruwa idan an ja wa inji wuta, ko idan famfo ya tashi, hayaniyar lantarki ce. A raba wayar kunnen da wayoyin inji da na famfo, kowa ya bi gefensa. In wayar ta yi tsawo a naɗe ta a ɗaure. Kada a yanke ta a ƙara, kada a gajarta ta, a cikinta akwai rigar da ke kare saƙon, in ta tsinke da wuya ta koma daidai.

Saura kifayen da ba kifaye ba. Fara da mafi sauƙi: fitar da kunnen daga ruwa na ɗan lokaci ka dubi fuskar. In har yanzu tana nuna ƙasa mai kyau da kifaye na wucewa, tana cikin yanayin gwaji ne da masu shago ke kunnawa don talla, za ka ga an rubuta Demo ko Simulator. A kashe shi. Na biyu, 'yan hotunan kifin nan da take zanawa, wanda ake kira Fish ID ko Fish Symbols a saitinta. Wannan hasashe ne kawai. Duk abin da ya mayar da sauti tsakanin sama da ƙasa za ta zana masa kifi: reshen itace, leda, ciyawa, har igiyar komarku. Dam-dam ɗinmu kuma ƙasansu laka ce da ruɓaɓɓen ganye da damina ke kwasowa daga gonaki, dubi yadda laka ta cinye dam ɗin Kubanni na Zariya, kuma irin wannan laka tana sakin kumfar gas, musamman da zafi. Kumfar tana mayar da sauti fiye da kifi. In aka kashe hotunan za ka gane ta, layi ne siriri da ke hawa a karkace har sama. A kashe hotunan gaba ɗaya, a rage ƙarfin jin na'urar har dattin ya ragu amma layin ƙasa na nan da kaurinsa. Kifi na gaske yana fitowa kamar ɗan baka ko jinjirin wata a kife idan jirgi na tafiya a hankali, kamar tafiyar mutum a ƙasa. In jirgi na tsaye kifin na ƙarƙashinsa, dogon layi a kwance za ka gani.

Akwai abin da nake so ka sani don kada ka ɗora wa na'urar abin da ba za ta iya ba. Sautin yana sauka ne kamar hasken tocila, siriri a sama, yana faɗi a ƙasa. A kilohaz 200 (kilohaz ma'aunin kaifin sautin da na'urar ke harbawa ne, ana zaɓarsa a saitinta), faɗin da'irar da yake haskawa kamar kashi ɗaya cikin uku na zurfin ne. A mita 3, da'irar mita ɗaya kacal kake saurare, ba ta kai faɗin birgi ba. Ruwayenmu na nan ba su da zurfi irin na Kainji ko Shiroro, ga ƙarar inji tana korar kifi gefe kafin jirgi ya iso kansa. Don haka fuska wayam ba ta nufin ba kifi. In na'urar na da kilohaz 77 ko 83, a yi amfani da shi wajen nema, da'irarsa ta fi faɗi. Sannan abin da ya fi mayar da sauti a jikin kifi jakar iskar cikinsa ce. Karfasa tana da ita sosai, tana fitowa da kyau. Tarwaɗa tata 'yar ƙarama ce, ga ta da kwanciya a laka, sau da yawa sai ta saje da layin ƙasa. Amfanin na'urar na gaskiya a ruwa irin namu shi ne ta nuna maka ƙasa: inda tsohuwar hanyar kogi ta bi kafin a datse shi, inda zurfi ya faɗa farat ɗaya, inda kututture ke jiran yaga kalli, inda laka ta ƙare tsakuwa ta fara. Layin ƙasa mai kauri da haske ƙasa ce mai tauri, mai dishi-dishi kuma laka. Ka sa yaran su ɗauki dattijo ɗaya cikin masuntan wurin, da izinin sarkin ruwa, su zaga tare. Shi ya san inda kifi ke kwana a kowane wata, su kuma su ga yadda wurin yake a fuskar na'ura su riƙe. Na ga tsoho ya nuna wuri da filafili ya ce nan akwai rami, aka bi ta kai, lambar ta tashi daga mita 2 zuwa 5.

In an yi duk wannan, ga gwajin da zai nuna ko na'urar ce da kanta. A ɗaura dutse a igiya, a ƙulla ta kowace mita, a sauke a wurin da ruwa ya wuce mita 2, a kwatanta da lambar, ana tuna cewa ita daga kunnenta take aunawa, ba daga saman ruwa ba. A kara kunnen a kusa da kunnenka na 'yan daƙiƙu tana kunne, a yawancinsu za ka ji ƙas-ƙas-ƙas a hankali. Kada a bar shi yana aiki a waje ya daɗe. A dubi lambar zafin ruwa: in ta ɓace ko ta nuna abin da hankali ba zai ɗauka ba, wayar kunnen ta sami rauni ko allurorin mahaɗarta sun yi tsatsa ko sun lanƙwashe. In wani a bakin dam ɗin yana da irin taka, ku musanya kunne na minti biyar. Kunne ana sayar da shi shi kaɗai, kuma bai kai kuɗin na'urar ba. Sai in wuta ta isa daidai, kunnen aro ma ya ƙi aiki, sannan ka ɗauki na'urar da rasit ɗinka ka koma shago.

Gobe da safe, Alhaji, ka tura yaran da soso da tsumma da kwanon toka, kai kuma ka bi su da mita. Ka rubuta lamba uku: abin da batir ya nuna kafin a kunna komai, abin da na'ura ta nuna, da abin da ta nuna bayan famfo ya tashi. Ka kuma lura da kusurwar da toka ta fara yin duhu, da launin ruwan da ya biyo sukurun ƙasa in kun kwance shi. In fari ne, gam da kwana uku sun ishe ka. In ya yi launin shayi, ka bar jirgin a tudu ka aiko mini da hoton allon.